Filin Tambaya da Amsa: Abin da Muke Bari a Daji Bayan Mun Tashi

Tun da aka fara kawar da amfanin gona, wasiƙun da ke zuwa wannan fili suka karkata ga al'amarin daji, domin ƙarshen kaka da farkon hunturu shi ne lokacin da makiyayi da manomi da maharbi da ɗan birni mai yawon buɗe ido suke haɗuwa a wuri guda. Mun zaɓi biyar daga cikinsu, mun taƙaita wasu saboda ƙarancin fili, kuma mun sakaya sunayen marubutan kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai kiwo ne a wani ƙauye da ke gefen fadamar Haɗeja. A bazarar da ta wuce wata saniyata ta yi ta ramewa alhali cikinta a kumbure yake. Mun ba ta jiƙo, mun ba ta maganin tsutsa, amma ba ta tashi ba. Da muka ga za mu yi asararta muka yanka, sai mahauci ya ciro dunƙulen leda da igiya daga tumbinta, wanda sai da ya sa hannu biyu ya ɗaga shi. A mashayarmu kuwa kullum sai ka tarar da ledojin da masu zuwa farauta da matafiya suka zubar. Shin akwai maganin da ke narkar da leda a cikin dabba? (Daga wani mai kiwo, Jihar Jigawa)

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya mayar maka da mafi alheri. Babu jiƙo, babu allura, babu ƙwayar da ke narkar da leda a cikin tumbi, kuma duk wanda ya sayar maka da wani abu da wannan suna ya ci kuɗinka ne kawai. Tumbin saniya yana aiki ne da wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda suke ruɓar da ciyawa da kara su mai da su abinci, amma ba su da ikon taɓa leda. Saniya kuma ba ta tsince-tsince kamar akuya. Da harshe take naɗo abin da ke gabanta ta haɗiye ba tare da ta tauna sosai ba, da nufin ta dawo da shi ta tuƙa daga baya. Ledar da ta shiga ba ta wucewa hanji yadda ya kamata, sai ta zauna a tumbi, ta gobe ta zo ta naɗe da ta yau, igiya da tsumma da guntun buhu su ɗaure su, har dunƙulen ya cinye wurin da abinci zai zauna. Shi ya sa ka ga ciki a cike amma ƙashin baya a waje, nono ya janye, kashi ya ragu, dabba ta daina tuƙa.

Abin ya fi tsananta daga tsakiyar rani zuwa bazara saboda dalilai biyu. Na farko yunwa ce, domin ciyawa ta ƙare. Na biyu ƙarancin gishiri da sauran sinadarai a jiki, wanda yake sa dabba lasar ƙasa da tauna duk abin da ta samu. Ledar da aka ƙulla tsire ko awara ko ƙuli-ƙuli a cikinta tana ɗauke da maiƙo da gishiri da yaji, don haka saniya da kanta take nemanta. Wanda ya ci abinci a gindin bishiya kusa da mashaya ya yar da ledarsa ya tafi bai san cewa ya ajiye wa dabbar wani abin da za ta bi ƙamshinsa ba.

Hanya ɗaya da ake ceton dabbar da abin ya riga ya taru a cikinta ita ce tiyata: likitan dabbobi ya tsaga kwiɓin hagu, ya buɗe tumbi, ya kwashe dunƙulen da hannu, ya ɗinke. Aiki ne da ake yi a asibitocin dabbobi na jihohi da na jami'o'i irin su Zariya da Sakkwato da Maiduguri, kuma dabba takan warke idan an kai ta tun tana iya tsayuwa da ƙafafunta. Idan ka ga wata a garkenka tana rama da kumburin ciki, ka kira malamin dabbobi ya taɓa kwiɓinta tun da wuri. Ka kuma riƙa ajiye musu kanwa ko dutsen gishirin lasa a rani, domin hakan yana rage musu kwaɗayin tarkace. Ina ƙara jan hankalinka ga abubuwa biyu da suka fi leda saurin kisa, wato guntun waya ko ƙusa, wanda kan faɗa sashen ciki da ke dab da zuciya ya huda shi, da kuma fasasshen batirin mota ko na babur, wanda shanu suke lasa saboda ɗanɗanonsa su sha gubar dalma.

Game da mashaya, ƙasashe da dama sun gwada maganin abin daga tushe. Ruwanda ta haramta ledar sayayya a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017 da hukunci mai tsanani, maƙwabciyarmu Nijar ma ta kafa doka a 2014, ko da yake wanda ya shiga kasuwar Maraɗi ko Damagaram zai ga cewa kafa doka daban, aiki da ita daban. Ku dai kada ku jira gwamnati. Ku je wurin mai unguwa da Arɗo a tsayar da rana guda a wata da za a tsince bakin mashaya da burtali, a haƙa rami nesa da ruwa a binne abin da aka tara. Kada a ƙona shi kusa da gidaje ko garke, domin hayaƙin leda guba ne ga mutum da dabba.

TAMBAYA: Malam, ni matashi ne mai sha'awar harbi, ina da bindigar harbin tsuntsu mai baki biyu da takardar izini daga 'yan sanda. Idan hunturu ya shigo mukan je fadama da abokaina mu harbi ɗinya da kirinjijiya. Wani dattijo ya yi mana faɗa cewa mu riƙa kwashe kwanson harsashi bayan mun gama. Ni a ganina ɗan abu ne da bai kai yatsa ba, kuma daji da faɗi yake. Wace illa zai yi? (Daga wani mai karatu, Kano)

AMSA: Ƙanena, dattijon nan ya fi ka gaskiya, kuma abin da ya gani da ido shi ne ƙaramin ɓangaren matsalar. Duk harbi ɗaya da ka yi yana barin abu uku a daji. Akwai kwanson da ka fitar daga bindiga, wanda roba ce da gindin ƙarfe, ba ta ruɓewa, kuma saniya tana iya haɗiye ta tare da ciyawa. Akwai toshiyar roba da ke raba albarushi da ƙwayoyin dalma, wadda take fita ta bakin bindiga ta faɗi can gaba, galibi cikin ruwa, inda ba za ka taɓa ganinta ba. Sai kuma ƙwayoyin dalmar kansu, kimanin giram 30 a harsashi ɗaya, ɗaruruwan ƙwayoyi, waɗanda 'yan kaɗan ne suke samun tsuntsu, sauran su watsu a cikin laka. Ka lissafa harsashin da kai da abokanka kuke ƙonawa a yini guda, ka ninka da makonnin hunturu, za ka gane cewa kilo-kilo na dalma kuke zubawa a wurin da mutane ke kamun kifi da noman shinkafa da shayar da dabbobi.

Agwagwar ruwa ba ta da haƙori. Tsakuwa take haɗiya ta ajiye a ƙundu don ta niƙa hatsi da ita, kuma ba ta bambanta tsakuwa da ƙwayar dalma. Idan ƙwayar ta shiga ƙundu sai ta goge a hankali ta narke ta shiga jini, tsuntsu ya rame, fukafukansa su saki, ya kasa tashi, ya ɓuya cikin kacala ya mutu inda ba mai gani. Ƙwaya ɗaya tana iya wadatarwa. Wanda aka harba ya tsere da rauni kuma, shaho ko mikiya ko ungulu ne za su ci gawarsa su kwashi dalmar. Ba na cewa harsashi ne ya ƙarar da ungulu a garuruwanmu. Abin da ya fi cin su shi ne guba da kamu don sayar da sassan jikinsu ga masu magani, har ta kai ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sanya ungulun da muka sani a mahauta cikin jerin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa a 2015. Amma halittar da ta riga ta ragu haka ba ta da ƙarfin ɗaukar ƙarin asara.

Mu mutanen Arewa ba ma buƙatar a ba mu labarin dalma daga wata ƙasa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Can dalmar daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, kuma yawanta ya wuce abin da harsashi zai jawo nesa ba kusa ba, amma sinadarin ɗaya ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadi nasa a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa. Saboda haka idan ka kawo nama gida, ka yanke wurin da harsashi ya shiga da kewayensa ka zubar inda kare da kaji ba za su kai ba, kuma ka rage bai wa ƙananan yara da mai juna biyu naman da aka harba da dalma. Wanda kuma yake narkar da dalmar tsohon batiri don ya yi wa bindigar toka harsashi, kada ya yi a cikin gida ko a tukunyar da za a sake girki da ita.

Ƙasashen da harbin tsuntsu ya zama musu wasa na masu hali sun daɗe da ɗaukar mataki. Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma tun 1991, Denmak ta hana ƙwayoyin dalma gaba ɗaya a 1996, Tarayyar Turai kuma ta hana amfani da su a fadamu da kewayensu daga watan Fabrairu na 2023. Maharbansu sun koma ga ƙwayoyin baƙin ƙarfe. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin yawancin agwagin da kake gani a Haɗeja da Nguru daga watan Nuwamba baƙi ne da suka ƙetaro Sahara daga Turai da Asiya, kuma saboda su ne aka sanya tafkin Nguru cikin jerin fadamu masu muhimmanci ga duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000. Idan ka samu harsashin ƙarfe, kada ka sa shi a tsohuwar bindiga sai masani ya duba ta, saboda ƙarfe ya fi dalma tauri kuma yana iya lalata bututun da ba a ƙera don shi ba. Ka kuma sani cewa tafkin Dagona da ke ƙasar Bade a Jihar Yobe yana cikin gandun ƙasa na Tafkin Cadi, kuma takardar bindigarka ba ta ba ka izinin harbi a can ba.

Abin da nake roƙonka mai sauƙi ne. Ka ƙirga harsashin da ka fita da shi, ka dawo da kwanso daidai adadin da ka harba, domin ta haka ne kuma za ka gane idan wani harsashin da ba a harba ba ya faɗi daga aljihunka, wanda yaro mai kiwo zai iya tsinta ya jefa a wuta ko ya daka da dutse. Kada ka yi harbi daga nesan da ka san sai dai ka raunata. Idan za ku gwada saiti, ku sa kwali a jikin tudun ƙasa, ku bar kwalabe da allunan hanya da jikin bishiya, saboda gilashin da kuka fasa ƙafar ɗan Fulani da kofaton saniya zai jira, kuma ƙwayoyin bindigar tsuntsu suna tafiya fiye da mita 200, alhali a fadama ba ka rasa masunci ko mai yankan ciyawa a bayan duhuwa. Gwada hannu a kan tsuntsun da ba za ka ci ba kuwa, addini ya riga ya rufe wannan ƙofa, domin ya inganta cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci wanda ya mai da abu mai rai abin gwajin harbi.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, bara 'yan farautar gayya suka zo da karnuka suka cinna wa ciyawa wuta don su kori gafiya da zomo. Iska ta kwaso wutar ta cinye mini karan dawa da harawar wake da na tara, har da mangwaro shida da na dasa. Da na yi magana sai suka ce daji ba na kowa ba ne. Wa zan kai wa ƙara, kuma me zan yi bana? (Daga wani manomi, Jihar Bauci)

AMSA: Allah ya kiyaye gaba, ɗan'uwa. Maganar da suka faɗa maka ba ta da tushe a al'ada, ba ta da shi a shari'a, ba ta da shi a dokar ƙasa. Babu taku ɗaya na ƙasa a karkarar Hausa da ba shi da mai kula da shi: ko gona ce, ko saura ce da aka bari ta huta, ko makiyaya ce, ko burtali, ko gandun gwamnati, kuma dagaci ya san iyakar kowanne. Harawa da kara kuwa dukiya ce da ake sayarwa a kasuwa, kuma kowa ya san tsadar da suke yi idan bazara ta kama.

Malaman fiƙihun Malikiyya sun yi bayani ƙarara cewa wanda ya hura wuta a ranar da iska ke kaɗawa, wutar ta tsallaka ta ƙona dukiyar wani, to shi zai biya, ko da bai yi nufin ɓarna ba. Ta ɓangaren gwamnati kuma, hukumar tarayya mai tilasta bin dokokin muhalli, wato NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idoji na 2011 da suka hana ƙona daji barkatai, har da ƙonawa don farauta, sannan ɓarnar dukiya ta hanyar wuta laifi ne a kundin dokokin hukunta laifuka na jihohin Arewa. Ke nan kana da hujja ta kowace fuska.

Shawarata ita ce ka fara da gida kafin kotu. Ranar da abu irin wannan ya faru, ka kira mai unguwa da shaidu biyu su ga wurin tun toka ba ta huce ba, a ɗauki hoto da waya, a ƙiyasta asarar a gaban mutane. Daga nan dagaci ya aika wa Sarkin Bakan garin da maharban suka fito, domin farautar gayya ba a yinta a ɓoye. Akwai wanda ya kira ta, akwai makaɗan da suka raka ta, akwai direban da ya ɗauko mutane. Sau da yawa Sarkin Baka ya fi ɗan sanda saurin gano wanda ya ƙyasta ashana. Idan aka ƙi biya, sai ka wuce wurin hakimi, sannan 'yan sanda ko kotun shari'a. Abin da ba zan yarda ka yi ba shi ne ka tara matasan ƙauye ku tare su a daji, domin mutane ne masu ɗauke da makamai, kuma asarar harawa ba ta kai a zubar da jini a kanta ba.

Don bana, ka share fili mai faɗin taku biyar zuwa goma kewaye da inda ka tara kara da harawa, ka nome busasshiyar ciyawa daga gindin kowace bishiya, ka ɗora harawa a kan rumfa ko reshe maimakon ƙasa. A Nijar, a yankunan kiwo na Tawa da arewacin Maraɗi da Damagaram, kowace shekara bayan damina akan share dogayen hanyoyi a tsakiyar ciyawa don wuta ta iske fili ta tsaya, kuma babu abin da zai hana manoman ƙauye ɗaya su yi irin wannan da gayya a gefen da iskar hunturu ke shigowa, wato gabas maso arewa. Su kuma masu cinna wutar, da za su zauna su yi lissafi, za su ga cewa kansu suke cuta: wutar tsakiyar rani tana ƙone ƙananan itatuwa, tana kashe zuma a amya, tana barin ƙasa tsirara iska ta kwashe, sannan zomo da fakara da suka rasa mafaka ba sa dawowa baɗi.

TAMBAYA: Malam, ni malamar makarantar sakandare ce, kuma za mu kai ɗalibai Yankari a hutun nan. Me ya kamata in gargaɗe su a kai? (Daga wata malama, Gombe)

AMSA: Madalla da wannan niyya, Malama. Gandun dajin Yankari na Jihar Bauci, wanda aka keɓe tun 1956 kuma faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, yana riƙe da ɗaya daga cikin garken giwaye kaɗan da suka rage a Najeriya, don haka ɗalibanki za su shiga wuri mai daraja. Ki raba wa kowace mota buhu guda, ki naɗa ɗalibi ɗaya da zai tabbatar cewa ledar ruwa da robar lemo da takardar biskit duk sun koma cikinsa, kuma buhun ya fito tare da ku. Ki hana su bai wa birai abinci a sansanin Wikki, saboda birin da ya saba karɓa daga hannun mutum yakan koma ƙwace da cizo. A maɓuɓɓugar Wikki, wadda ruwanta yake da ɗumi kusan digiri 31 rani da damina, kada a shiga da kwalba, kada a bar leda a bakin ruwa, domin ruwan yana gangarawa kogin Gaji inda namun dajin suke sha. Kada kowa ya sauka daga mota sai jagora ya ba da izini, kada a rubuta suna a jikin kogunan dutse na Marshall, kuma a rage hayaniya da kiɗan waya, in dai ana son a ga dabbobi.

TAMBAYA: Yaro, na daɗe ina sa jikana yana karanta mini wannan fili. Na ga duk lokacin da aka yi maganar daji sai a ɗora wa maharba laifi. Ni na gaji farauta daga ubana, shi ma daga nasa. Mu ba mu harbin dabba mai ciki, ba mu farauta da damina, ba mu shiga dajin wani gari sai da sallama. Mu ne muke gadin ƙauyuka idan ɓarayi sun zo. Manoma fa da suke yar da jarkokin maganin feshi a bakin rafi, da 'yan birni da suke wurgo shara ta tagar mota? Laifi tudu ne, kowa ya take nasa ya hango na wani. (Daga wani dattijon maharbi, Jihar Adamawa)

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma, kuma na karɓi wannan gyara da hannu biyu. Babu mai adalcin da zai manta cewa a 2014, lokacin da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, maharba da 'yan banga suna cikin waɗanda suka shiga gaba tare da sojoji aka ƙwato ta. Gaskiya ne kuma cewa sharar da ke gefen hanyar Yola zuwa Gombe ko Kano zuwa Zariya ba daga jakar maharbi ta fito ba. Jarkar maganin feshi da kuka ambata ta fi kwanson harsashi haɗari a nan take, domin ragowar da ke cikinta yana kashe kifi da kwaɗi, yana cutar da dabbar da ta sha, kuma abin baƙin ciki akan wanke ta a zuba ruwan sha ko man gyaɗa. Ƙa'idarta ita ce manomi ya ɗauraye ta sau uku, ya juye ruwan ɗaurayar cikin tankin feshi, ya huda gindinta don kada kowa ya sake amfani da ita, sannan ya kawar da ita nesa da rijiya da rafi. Masu zuba guba irin su gamalin a kududdufi don kama kifi ko tsuntsu kuwa, ba maharba ba ne ba masunta ba ne, kuma naman da suke kai wa kasuwa cuta ce ga mai saye.

Amma ku ba ni dama in faɗi dalilin da ya sa nake yawan juyowa gare ku. Dokokin da kuka lissafa, na barin mai ciki da hutun damina da sallama ga mai daji, sun girmi Dokar Namun Daji ta Arewa ta 1963, kuma sun fi ta aiki, saboda wanda ya karya su a da ya san Sarkin Baka zai kira shi gaban jama'a. Abin da ya canja shi ne kayan aiki da yawan mutane. Mahaifinku da ƙafa yake shiga daji, da kwari da baka ko bindigar toka, guzurinsa a gora da ganye, duk abin da ya yar ƙasa za ta cinye shi kafin damina ta fita. Yau matasa hamsin ne a bayan babbar mota da babura, kowa da ledojin ruwa da kwalaben maganin ƙarfi da cocila mai cin batiri, da yawansu ba su taɓa durƙusawa gaban wani babban maharbi sun koyi ladabin daji ba. Tarkon waya da aka ɗana aka manta da shi yana nan yana jiran akuya ko kare wata da watanni. Idan irin waɗannan suka ƙona gona ko suka bar juji a mashaya, mutanen ƙauye ba sa tambayar ɗan wane ne; maharba kawai za su ce, sunanku ne zai ɓaci.

Ɗan birnin da ya wurgo leda ta taga ya wuce, babu sarkin da zai kira shi. Ku kuwa kuna da shugabanci, kuna da ƙungiyoyi masu rajista da katin shaida, kuna da taron da ake yi kafin a buɗe farauta, kuma matasa suna jin kunyarku. Shi ya sa nake roƙon ku da sauran Sarakunan Baka ku ƙara sharuɗɗa kaɗan a kan waɗanda kuka gada, a faɗe su da babbar murya ranar da za a fita: kowace tawaga ta tafi da buhun shara ta dawo da shi a nuna wa shugaba, kowane mai bindiga ya kawo kwansonsa da matattun batiransa, duk wanda ya ɗana tarko ya kwance shi kafin ya bar dajin, wutar gashi a kashe ta da ƙasa har sai an iya taɓa tokar da hannu, kuma ba a cinna wa ciyawa wuta don korar nama. Wanda ya saɓa, a karɓe katinsa na wannan shekara, a sanar da dagacin garin da aka yi farautar cewa an hukunta shi. Idan kuka yanke wani abu makamancin haka a yankinku, Baba, ku sa jikan naku ya rubuto mana yadda kuka tsara shi da irin tarar da kuka sa, za mu buga shi a fitowa ta gaba don ƙungiyoyin Bauci da Jigawa da Katsina su gani.